Tarihin Renon Itace a Ƙasar Agiye, Gazawa da Gidan Runji

 Wannan jawabi ka ji shi a rediyo. Ga shi yanzu a rubuce, domin ka bi shi sannu a hankali. In wata kalma ta tsaya maka, koma baya ka sake.

Yau maganarmu a kan itace take. A ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Runji, cikin jihar Maraɗi, akwai maza da mata masu renon 'ya'yan itace a cikin leda suna sayarwa. Ka gan su a bakin rijiya. Ka gan su ranar kasuwa, sun jera mangwaro da lemo da gwaba. Wataƙila ka taɓa cewa a ranka, ni ma zan iya wannan sana'a. Za ka iya. Amma kafin ka sayi leda ko ɗaya, zauna ka ji labarin waɗanda suka riga ka. A ƙasar nan an reni itace miliyoyi a cikin leda, da yawa suka mutu. An kuma sami wasu miliyoyi da ba wanda ya ba su ruwa, suka rayu. Mene ne dalili? Wanda ya gane dalilin, shi ne zai ci riba. Waiwaye adon tafiya.

Zamanin da daji ya fi gona yawa

Mu soma daga nesa. Bayan jihadin 1804, Katsinawan da suka bar birninsu suka kafa Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836. Zamanin yaƙi ne. Mutane suna cunkushe cikin garuruwa masu ganuwa a bakin gulbi, ba mai son yin nisa da ƙofar gari. Tsakanin Maraɗi da Tasawa daji ne mai duhu, sai maharba da makiyaya.

Da Faransawa suka kama ƙasar a farkon shekarun 1900, hare-hare suka lafa. Jama'a suka fantsama cikin daji. Mutum ya ɗauki gatarinsa da iyalinsa, ya gina rijiya, ya sari gona, gari ya tashi da sunansa. Shi ya sa ƙauyuka da yawa a ƙasarmu sunansu ya fara da Gidan ko Ɗan.

Manomin wancan lokaci yakan noma gona 'yan shekaru. In ta gaji, sai ya bar ta saura ya sari wata. Saurar ta huta, sabara da kalgo da taramniya su sake rufe ta, ƙasa ta koma da ƙarfinta. Ko a cikin gonar da ake nomawa, akwai itacen da ba a taɓawa: gawo, kuka, tsamiya, kanya, ɗorawa, aduwa. Kowa ya san amfaninsu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba hatsi rana, ya ba ƙasa taki. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, bisashe su ci. Wannan zamani ba wanda ya bukaci renon icce. Daji shi ke renon kansa.

Gyaɗa, garma da dokar daji

Abu uku suka sauya wannan zama.

Na farko gyaɗa. Bature ya ce a biya haraji da kuɗi, kuɗi kuwa a wurin gyaɗa suke. Daga shekarun 1930 noman gyaɗa ya bazu a ƙasar Maraɗi. Bayan samun mulkin kai, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa. Gonaki suka yi ta faɗi.

Na biyu garmar shanu. Garma tana son fili, kututture yana karya ta. Malaman gona na lokacin suka riƙa cewa a tumɓuke kututture, a share gona fes. Manomin kirki shi ne mai gona tas, ba ko tsiro. Wanda ya bar itace a gona, sai a ce rago ne. A lokaci guda jama'a suna ƙaruwa. A 1960 mutanen Nijar duka wajen miliyan 3 ne. A ƙidayar 2012, jihar Maraɗi ita kaɗai ta kai miliyan 3 da dubu 400. Gado ya raba gonaki, saura ta ɓace.

Na uku doka. A 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. A 1974 Nijar ta yi tata dokar, ta bi sawun waccan. Doka ta ware wasu itatuwa, har da gawo, ta ce ba a sare su, ba a sassabe su, sai da takardar izini. Wanda ma'aikatan daji suka kama, tara ce. Nufin dokar kare itace ne. Amma dubi yadda manomi ya ɗauke ta. Icce a gonata, ƙasata yake sha, amma ba nawa ba ne. In ya girma na yanki reshe, a ci ni tara. To, me zai sa in bar shi ya girma? Sai ya sa hauya ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Makwabci kuma in ya ga icce a gonar wani, ya sare da dare, don a ganinsa na gwamnati ne.

Riƙe wannan a ranka, domin shi ne tushen labarin duka.

Fari ya tona asiri

Sai ga farin 1973 da 1974. Bisashe suka mutu, rumbuna suka bushe. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, noman da aka dogara da shi ya durƙushe. Aka duba gonaki, aka tarar fili fetal. Iskar farkon damina ta zo ba abin da zai tare ta. Rairayi ya binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta. Da ya gagara, suka koma ƙona kara da kashin shanu. Karan nan da kashin nan kuwa su ne abincin gona. Ka ga ƙasa ta ƙara talaucewa.

Zamanin manyan wuraren reno

Gwamnati ta tashi tsaye. Seyni Kunce ya hau mulki a watan Afrilu 1974. Daga 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, har yau kuma ana dashe a wannan rana. Aka buɗe wuraren reno, waɗanda ma'aikata ke ce wa pepiniyar, a manyan garuruwa. Ana cika leda dubu dubai da dogon yaro da turare da wasu irin itatuwan waje. Da damina mota ta kwasa ta kai ƙauyuka. Samariya ta fito da ganga, a dasa a filin da aka ware, a ce wannan dajin gari ne. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin kowane gari da kowace makaranta da kowace ma'aikata su yi dashe.

Kada mu raina wannan aiki. Inuwar dogon yaro da kake sha a kasuwa, a makaranta, a bakin hanya, da yawa daga cikinta ta wancan zamani ce. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza ta jihar Tawa, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin tare iska, suka kama. Kuma a waɗannan wuraren reno ne mutanenmu suka koyi haɗa ƙasa da cika leda.

Amma a dazuzzukan gari, asara ta yi yawa. Ga dalilai huɗu. Wurin reno yana nesa, tsiro ya wahala a mota kafin ya iso. Lokacin dashe ya haɗu da lokacin noma, kowa hankalinsa yana gonarsa. Ba a tambayi mutane irin iccen da suke so ba. Na huɗu, wanda ya fi duka: dajin gari na kowa ne, na kowa kuwa ba na kowa ba ne. Wa zai yi masa shinge? Wa zai kori awaki da rani? Wa zai sari iccen in ya girma? Ba wanda ya sani. Aka dasa da ganga, aka bar wa gara da awaki.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A 1981 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Aikinsa renon itace da rabawa a ƙauyuka. Shi da kansa ya ba da labari cewa mafi yawan abin da yake rabawa mutuwa yake yi. Wata rana a 1983, yana kan hanya da tsirrai a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya hangi wani ɗan kurmi a gona, irin wanda kowa ke sassabewa kafin shuka. Ya matsa ya dubi ganyen. Ashe icce ne. An sare shi tun da daɗewa, amma saiwarsa tana raye, kowace shekara tana toho, kowace shekara ana sare tohon. Ya duba gabas da yamma, ya ga irinsa ko'ina. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sassabe, kada ka share kututture duka. Zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar. Yanke sauran da adda mai kaifi. Rage rassan ƙasa, ka bar na sama. Saiwar tsohuwa ce, ta yi zurfi, ta san inda ruwa yake. Don haka tohon yakan girma da sauri fiye da dashe, ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗi. Wannan shi ne muke kira sassabin zamani. Wasu manoma sun san irin wannan dabara tun da. Abin da aka yi a Maraɗi shi ne fito da ita fili da yaɗa ta.

Manoma kaɗan suka fara gwadawa, aka yi musu dariya. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda iyayenmu ke kira El-Buhari, domin a shekarar ne Najeriya ta rufe iyaka. Aka shiga raba abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100 na ƙasar Maraɗi, aikin kuwa har da barin itace a gona. Aka bar itace wajen dubu 500. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya bar icce don buhun abinci, da buhun ya ƙare ya ɗauki gatari.

Amma kashi ɗayan da ya rage ya zama makaranta. Waɗanda suka bar nasu suka ga hatsi bai ragu ba, iska ta rage ɓarna, ga itacen wuta a kusa, ga sandunan rumbu, ga na sayarwa. Ma'aikatan daji na Maraɗi kuma suka yarda su sassauta, manomi ya amfana da iccen da ya rena a gonarsa. Gani ya kori ji. Makwabci ya koya daga makwabci. Ɗan ci-rani ya gani a hanya, ya kai garinsu.

Abin da Ɗan Saga ta ƙara

A arewa da Agiye akwai gari mai suna Ɗan Saga. A shekarun 1980 gonakinsa sun kusa zama fili. Mutanen garin suka kama sassabin zamani, amma suka ci karo da tsohuwar matsala: kai ka rena, wani ya sare da dare. Sai suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da makiyaya a ciki. Gari ya zauna ya yi dokokinsa. Wanda aka kama yana sara a gonar wani, ya biya tara, kuɗin su shiga asusun gari. Daga baya suka buɗe kasuwar itace tasu.

Asusun duniya na bunƙasa noma, wanda ake kira FIDA, ya tallafa wa ƙasar Agiye tun farkon shekarun 1990. A lokacin Gazawa tana cikin Agiye, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Furoje ya bi furoje, har da wanda ake kira PPILDA, da ya fara a 2005. Ma'aikatan suka koyi tambayar manoma abin da suka riga suka iya, su ɗora a kai. Zuwa 2007, ƙauyuka wajen 170 na ƙasar Agiye suna cikin wannan tsari, da kwamitoci 53. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo Ɗan Saga ganin ido.

A yamma kuma, dajin Baban Rafi, wanda ya ratsa ƙasar Madarunfa da Gidan Runji, ya ga irin wannan sauyi. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka izinin kafa kasuwannin itace na karkara, su sara bisa ƙa'ida, su sami rabonsu.

Doka ta ci gaba da bin sawun manoma. A 1993 aka yi dokar ƙasar noma, wadda ta ƙarfafa haƙƙin mutum a kan gonarsa. A 2004 aka sake dokar daji. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena.

Masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Chris Reij, da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000. Suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, gonaki hekta miliyan 5 sun sake samun itace, wajen icce miliyan 200. Hekta ita ce fili mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. A 2018 aka ba Tony Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Amma addar da ta yi aikin, addar manoman ƙasar nan ce.

To, ina amfanin wurin reno yau?

Za ka ce, malam, in kututture yana ba da icce kyauta, wa zai sayi nawa? Tambaya ce mai kyau. Ga amsa.

Kututture ba ya mayar da komai sai abin da yake a gonar tun da. Shi ya sa gonaki da yawa suka cika da sabara da kalgo. Iccen da aka tumɓuke da saiwarsa ya tafi, sai an dasa shi. Kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, kirya, duk sun yi ƙaranci a wurare da yawa. Mangwaro da lemo da gwaba kuma ba su toho daga daji. Nan ne kasuwar mai reno take.

Dubi gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tibiri. Zogale, wanda wasu ke ce wa tamakka, ya zama amfanin garka. Ana yankar ganyensa sau da yawa a shekara, mata suna dafawa suna sayarwa, ana busarwa ana kai shi nesa. Dubi magarya. A farkon shekarun 2000, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa irin magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya, ana aura ta a kan magaryarmu ta gida. Ana ce mata tuffar Sahel. Dubi mangwaro. Na ƙwallo yakan daɗe bai yi 'ya'ya ba, kuma sau da yawa mai zare ne. Mai aure yakan fara a shekara uku ko huɗu. Wanda ya iya auren icce, hannunsa jari ne. Mai garka a fadamar Gazawa ko a bakin gulbi yana bukatar shinge mai rai na bagaruwa ko lalle ko magarya, maimakon saran ƙaya kowace shekara. Duk waɗannan mutane masu saye ne, kuma wanda ya fitar da kuɗinsa ya sayi icce, zai ba shi ruwa, zai kore masa akuya.

Haka wurin reno ya sauka daga hannun ma'aikata zuwa hannun mutum ɗaya, ko ƙungiyar mata, a bakin rijiyar gari. Ya ƙanƙance, amma ya matso kusa da mai dashe.

A ƙasar Ostareliya, a 1978, wasu mutum biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fitar da littafi kan noma mai ɗorewa, tsarin da suka sa wa suna famakalca. Gundarin maganarsu shi ne a tsara gona yadda kowane abu zai ciyar da ɗan'uwansa, kada a zubar da komai. Kai ka san wannan a garka. Icce ya ba da inuwa da ganye. Akuya ta ci ganye ta ba da taki. Taki ya shiga leda da fangali. Ruwan da ya zuba daga leda, zogale da yakuwa da ke gefe su sha. Tumatir da albasa su kawo kuɗin yau, mangwaro ya kawo na shekaru masu zuwa.

Abin da tarihi ya koya wa mai son farawa

Na ɗaya, nemi mai saye kafin ka cika leda. Zaga gari, zaga garkuna, tambayi mutane irin iccen da suke so da guda nawa. Rubuta a littafinka. Kuskuren manyan wuraren reno shi ne rashin tambaya.

Na biyu, ruwa da shinge. Leda tana son ruwa safe da yamma a tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ta fi ja da baya. In ruwanka ba zai kai damina ba, kada ka fara. Akuya ɗaya kuma tana iya cinye aikin wata uku kafin ka dawo daga kasuwa.

Na uku, wurin ya zama naka, ko a rubuta yarjejeniyar aro a gaban mai gari da shaidu. Ka ji abin da rashin mallaka ya yi wa itacen ƙasar nan.

Na huɗu, fara da kaɗan. Leda ɗari biyu ko uku da ka kula da su sun fi dubu da suka fi ƙarfinka. Haɗa rairayi da ƙasa da taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Na biyar, san halin kowane iri. Ƙwayar bagaruwa da gawo da kuka tana da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayanta. Ƙwayar dogon yaro ba ta ajiyuwa, a shuka ta tana sabuwa. Zogale yana fitowa cikin mako ɗaya ko biyu. Ɗebi iri daga uwa mai lafiya mai 'ya'ya masu kyau.

Na shida, lissafa lokaci daga baya. Ana dashe in damina ta zauna, wajen watan Yuli zuwa farkon Agusta. Yawancin itacen daji suna son wata uku zuwa huɗu a leda, don haka shukarsu a Maris ko Afrilu take. Mai aure ya fi haka daɗewa. Riƙa ɗaga leda kana sauya mata wuri bayan mako biyu ko uku, kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. In dashe ya kusa, rage inuwa, rage ruwa, tsiro ya saba da wahala.

Na bakwai, kada ka jingina da furoje kaɗai. Furoje yakan sayi da yawa a lokaci ɗaya, wannan alheri ne. Amma furoje yana da ranar ƙarewa. Ka tuna da itacen 1984. Makwabcinka mai sayen guda biyar kowace shekara, shi ne kasuwar da ba ta tashi.

Na takwas, rubuta lissafi. Ga misali, kai kuma ka sa farashin kasuwarku. A ce ka cika leda 300. Guda 60 suka mutu, saura 240. A ce ka sayar da kowace dala ashirin, wato tamma 100. Ka sami tamma 24,000, jika 24 ke nan. Yanzu cire kuɗin leda, da na iri, da na igiya da guga, da na amalanken da ya kai kaya kasuwa. Abin da ya rage shi ne ladan wahalarka. In ba ka rubuta ba, za ka ga kuɗi a hannu ka ɗauka duka riba ce.

Na tara, bi kayanka. Nuna wa mai saye yadda zai gina rami mai faɗi, ya yanke ledar ya cire ta, ya sa taki, ya kewaye da ƙaya. Bayan wata biyu ka leƙa. In iccensa ya rayu, baɗi zai dawo da ɗan'uwansa. In ya zo neman sabara ko kalgo, gaya masa gaskiya: suna nan a gonarsa, ya je ya yi sassabin zamani, ya ajiye kuɗinsa ya sayi abin da gonar ba ta da shi.

Aiki bai ƙare ba. Har yanzu ana saran dare a wasu wurare. Gonaki suna ƙara ƙanƙancewa. Mata, waɗanda su ne suka fi wahalar itacen wuta kuma suka fi sanin ganyen miya, da yawansu ba su da filin kansu. Gari da ya ba ƙungiyar mata fili kusa da rijiya, da takarda, ya yi wa kansa tanadi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajinku

1. Waɗanne itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani a da, waɗanda yanzu babu su? Ku rubuta sunayensu.

2. Akwai dajin gari da aka dasa a garinku? Wa ke kula da shi, wa ke amfana da shi?

3. In aka sari icce a gonar mutum, me garinku yake yi?

4. Wane icce ne mutanen garinku za su yarda su saya da kuɗinsu?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.